Ƙashin Goronyo da Muƙamuƙin Kasuwa

Abu biyu nake so mu ajiye a gabanmu mu auna. Na farko gaɓar ƙashin baya ce guda ɗaya tak, ba ta wuce dunƙulen hannu ba, launinta ƙasa-ƙasa, gefenta ɗaya a gutsure, irin wadda ruwan damina ke tonowa a kwazazzaban Dukamaje da Taloka a ƙasar Sakkwato. Na biyu muƙamuƙi ne cikakke, sama da ƙasa, haƙora jere reras suna ɗaukar ido, kwance cikin falalen dutsen yashi, irin wanda ake fitowa da shi daga Maroko ana tallarsa a shagunan tsaraba da intanet, hotonsa kuma na yawo a wayoyin dillalan duwatsu. Dukansu biyu ana cewa na wata dabbar teku ce da ta ƙare tun shekara miliyan 66 da suka wuce. Cikin mutum goma, tara za su miƙa hannu ga na biyu. Ni kuwa na farko zan ɗauka, kuma ina so in faɗi dalili, domin dalilin ya shafi ƙasar da muke takawa.

Mutumin Kontagora zai iya tambaya, ina ruwanmu da teku? Ruwanmu babba ne. Masana duwatsu sun nuna cewa daga kimanin shekara miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce, wani mashigin teku mai ɗumi, wanda bai cika zurfi ba, ya riƙa ratsowa daga arewa, ya bi ta inda Aljeriya da Mali da Nijar suke a yau, ya sauko har ƙasar Sakkwato. Yakan cika ya ja da baya, ya sake dawowa. Kontagora kanta tana bakin arewa na wani kwarin duwatsu da ake kira kwarin Bida, wanda ya miƙa daga nan har ya wuce Lakwaja. Mafi yawan dutsen yashin da ke cikinsa koguna ne suka zubar da shi, amma akwai shimfiɗun tama a tsakani da ke nuna ruwan gishiri ya taɓa shigowa, shi ya sa masana da dama ke ganin ta nan ne tekun arewa ya taɓa gaisawa da na kudu. Wanda ya hau mota daga Kontagora ya bi Yawuri, Koko, Jega, Tambuwal har Sakkwato, yana tafiya ne zuwa tsakiyar tsohon gindin teku. Dutsen da ake fasawa a Kalambaina ana yin siminti da shi, ragowar halittun ruwa ne suka taru suka daskare.

A cikin wannan ruwa aka yi wasu manyan dabbobi da masana ke kira mosaso. Ba kifaye ba ne, ba kuma kadoji ba. Danginsu na kusa a yau su ne guza da damo da maciji, sai dai su ƙafafunsu sun koma filafilan iyo, wasunsu kuma sun haura mita 10 a tsawo. A 1930 wani masani ɗan Birtaniya, W. E. Swinton, ya bayyana wasu ƙasusuwa da aka samo a lardin Sakkwato, ya ce na mosaso ne. Tsakanin 1969 da 1971 masu bincike daga Jami'ar Florence ta Italiya suka zo suka tono ƙoƙon kai da wasu sassa a yankin Goronyo, a 1972 kuma Augusto Azzaroli da abokan aikinsa suka ba dabbar suna Goronyosaurus nigeriensis. Bayan haka Beverly Halstead ya bayyana wani kadan teku mai dogon baki, Sokotosuchus, a 1975, sannan wata kififiya, Sokotochelys, a 1979. A tsallaken iyaka, a yankin Tawa ta Nijar, dutsen Igdaman ya ba da wani mosaso mai dunƙulallun haƙoran fasa ƙwanso, wanda aka raɗa wa Igdamanosaurus a 1991. Duk wannan a ƙasar Hausa ne ko maƙwabtanta, amma da wuya ka ji an ambata shi a ajin sakandare.

Muƙamuƙin kasuwa shi ma daga gindin teku ya fito, wani sashe na tekun zamanin nan guda. A kusa da garin Khouribga na Maroko akwai manyan ramukan haƙar fosfat, ana aiki a cikinsu tun 1921. Fosfat ɗin nan ba baƙonmu ba ne: tun yarjejeniyar da Najeriya ta ƙulla da Maroko a ƙarshen 2016, yana cikin abin da ake haɗa takin zamani da shi, wanda manomin masara a Kontagora ke barbaɗawa a gonarsa. Shimfiɗun fosfat ɗin cike suke da haƙoran kifin shak da na mosaso, har sun fi gaban ƙirga. Mutanen ƙauyukan yankin kan bi tarin ƙasar da injuna suka ture suna tsinta, su sayar wa dillalai. Haƙori ɗaya kuɗinsa kaɗan ne saboda yawansa. Muƙamuƙi cikakke kuwa da wuya a same shi, don haka yana da tsada. Tsakanin arahar haƙori da tsadar muƙamuƙi aka sami sana'a.

Nan ne mutane da yawa ke kuskuren fahimta. Suna zaton jabu abu ne da aka ƙera gaba ɗaya da roba ko siminti. Akwai irin wannan, amma shi ne mafi sauƙin kamawa. Jabun da ya cika kasuwa, haƙoransa na gaske ne ɗaya bayan ɗaya. Da wuya ka ga mai ɓata lokacinsa ya ƙera abin da ake tsinta a ƙasa. Abin da ake ƙerawa shi ne dangantakar da ke tsakaninsu. A ɗebo haƙora ashirin na dabbobi ashirin, wataƙila ma na jinsi uku ko huɗu, a samo gutsattsarin ƙashi, wani na tsohuwar dabba wani na akuya ko raƙumi, a jera su su yi siffar baki, a kwaɓa yashin wurin da gam a cike tsakani, a bar shi ya bushe a rana. Kowane haƙori zai iya rantsuwa cewa shi tsoho ne, kuma bai yi kaffara ba. Ƙaryar tana wurin haɗi.

Saboda haka wurin haɗin za ka duba. Samo gilashin ƙara girma, irin na masu gyaran agogo ko waya, ka fita da abin cikin hasken rana. Fara da inda haƙori ya shiga ƙashi. Haƙorin mosaso na gaske yana da kai mai santsi da ƙyalli, sau da yawa da kaifi biyu, gaba da baya, sannan a ƙarƙashinsa akwai kakkauran tushe na ƙashi wanda ya kumbura ya manne da muƙamuƙi. Daga kan haƙori zuwa tushe, daga tushe zuwa muƙamuƙi, zanen ƙashin yana tafiya ba yankewa, da ƙananan ramuka da siraran layuka masu bin hanya guda. Ta gefen ciki, wajen harshe, sau da yawa za ka ga ɗan rami a jikin tushen, wani lokaci har da ƙaramin haƙori yana leƙowa, domin dabbar tana sauya haƙora muddin ranta. Mai haɗa jabu ba ya damuwa da wannan. A nasa za ka ga kan haƙori ya tsaya cak a kan wani farin abu mai laushin gari, ko kuma zoben yashi ya kewaye wuyansa daidai inda ya kamata ka ga haɗi. Duk inda yashi ya taru a daidai gaɓa alhali sauran jikin a share yake, akwai abin da ake rufewa.

Daga nan ka ja baya ka dubi jerin gaba ɗaya. Bakin dabba yana da tsari. Haƙoran gaba suna da siffarsu, na tsakiya sun fi girma, na ƙurya suna raguwa, duka kuma sun ɗan karkata baya, wajen maƙogwaro, don kada abin da aka cafke ya kuɓuce. Kowane haƙori da gurbinsa guda. A jabu sai ka tarar da siriri mai tsini kusa da gajere mai kauri, wannan launin zuma wancan baƙi-baƙi, wannan na kallon gaba wancan na kallon baya, tazarar da ke tsakaninsu kuwa daidai wa daida, wadda awon hannu ne kawai ke ba da ita. Shi ƙashin muƙamuƙin ma yakan zama miƙaƙƙen sanda, babu ramukan da jijiyoyi ke fitowa, babu inda ƙashi ɗaya ya ƙare wani ya karɓa. Kyan ɗan maciji ke nan.

Akwai ƙananan gwaje-gwaje da ba sa buƙatar ɗakin bincike. Ɗiga ruwa a bayan falalen, inda ba zai ɓata komai ba: yashin da aka kwaɓa da gam yakan yi laushi ya yi danƙo, wani lokaci ma ka ji warin gam. Jiƙa auduga da ruwan goge jan farce ka shafa a gefe: in fenti ne zai biyo audugar. Tocilan mai shuɗin haske da 'yan canji ke duba takardun kuɗi da ita tana sa gam da filasta su yi haske dabam da na ƙashi, sai layin haɗi ya fito fili a cikin duhu. Abin da aka zuba da roba ba shi da nauyi, ba shi da sanyin dutse a tafin hannu, yana da 'yan kumfa da suka daskare a jikinsa, allura mai zafi kuma tana nutsewa a ciki da ƙauri. Ƙashin dabbar da ba ta daɗe da mutuwa ba, in an kusantar da gefensa ga wuta, yana warin ƙonannen gashi, wanda ya zama dutse kuwa ba ya yi. Kowane gwaji cikin waɗannan yana iya ruɗin mutum in shi kaɗai aka dogara da shi, domin ƙashi na gaske ma ana shafa masa gam don kada ya marmashe. Sai an tara shaida biyu ko uku sun nuna wuri guda. Mai sayarwar da ya hana ka juya kaya ka ga bayansa, ko wanda ya ce hoto ya isa, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Yanzu mu koma ga gaɓar Sakkwato. Ba ta da abin burgewa. Juya ta a hannu: gabanta ya lotsa ciki, bayanta ya kumburo, ta yadda kumburin wannan zai zauna cikin lotsawar mai bi mata. Haka gaɓoɓin mosaso suke. Na iktiyoso, wata dabbar teku mai siffar kifi, faifai ne da ya lotsa ta fuska biyu. Na filesiyoso mai dogon wuya kusan shafaffe ne ta kowane gefe, da 'yan ramuka biyu a ƙasa. A inda ta gutsure za ka ga cikinta saƙa-saƙa, ramukan ɓargo sun cike da ma'adini, wani wuri jifsam ya ratsa yana walƙiya, domin lakar Dukamaje tana da jifsam da yawa, shi ne ma ke tsattsaga ƙasusuwan ya sa su fito a farfashe. Babu ɗan kasuwar da zai zauna ya ƙera wannan. Ba ta da kyan da za a biya kuɗi dominsa.

Darajarta tana wani wuri dabam, kuma almajirin ilimi zai gane ta nan take. Malaman hadisi ba sa tsayawa ga daɗin matani, sai sun bi isnadi: wa ya ji daga wa, a ina, yaushe, kuma shin amintacce ne? Matani mai daɗi da isnadi yankakke ba a kafa hukunci da shi. Ƙashin da ya zama dutse shi ma haka yake. In an san kwazazzabon da ya fito, da shimfiɗar da yake kwance a ciki, da abin da ke samansa da ƙasansa, da wanda ya ɗauke shi da ranar da aka ɗauka, to ya zama shaida. Yana iya gaya mana shekarun wannan ƙasa, da inda teku ya tsaya, da irin dabbobin da suka zauna tare. In shimfiɗar Dukamaje ce, to kafin babbar halakar da ta shafe mosaso shekara miliyan 66 da suka wuce ne. In ta Dange ce, wadda ke samanta, to bayan halakar ne, kuma a nan ba za ka ga mosaso ba, sai kadoji da kififiyu da kifaye da suka tsira. Tazarar 'yan mitoci a jikin gangare ita ce ke raba duniya biyu. Muƙamuƙin kasuwa ba shi da ko ɗaya cikin wannan. Ko da haƙoransa duka na gaske ne, ba wanda zai iya cewa wanne ya fito daga wace shimfiɗa.

Wannan tambaya ta ina aka samo shi tana kama ƙarya fiye da gilashi da tocila. A jiharmu ta Neja ana haƙar zinariya a wurare da dama, kuma duwatsun da zinariya ke ciki tsofaffi ne ƙwarai, sun riga duk wata dabba mai ƙashi zuwa duniya, zafi da matsi kuma sun riga sun dafa su. Wanda ya kawo maka haƙorin mosaso ya ce a jikin dutsen ramin zinariya ya fasa shi, ba sai ka nemi gilashi ba. Haka wanda ya ce ga iktiyoso daga Goronyo, domin iktiyoso sun ƙare shekaru miliyoyi kafin a shimfiɗa lakar Dukamaje. Launin dutsen da ke manne da ƙashi ma yana magana: yashin fosfat na Maroko fari-fari ne mai ɗan rawaya, yana marmashewa, lakar Sakkwato kuwa toka-toka ce mai falle-falle. Ba kuma kowane kuskure ne yaudara ba. Manomi kan tsinci dunƙulen tama mai siffar ƙwai ko ƙashi, ya ɗauka da zuciya ɗaya cewa ya samo abin tarihi. Shi wannan bayani yake buƙata cikin mutunci.

Kada a ɗauka cewa duk abin da ya zo da baƙuwar siffa jabu ne. A ƙarshen 1823 wata mata mai tsintar irin waɗannan ƙasusuwa a gaɓar tekun Lyme Regis ta Ingila, Mary Anning, ta tono filesiyoso kusan cikakke. Da zanensa ya isa Paris, Georges Cuvier, wanda a lokacin ba a ja da shi a ilimin ƙasusuwa, ya ga wuyan ya yi tsawon da bai taɓa gani ba, ya yi zargin an haɗa kan wata dabba da jikin wata. Aka duba ainihin ƙashin, aka ga gaɓoɓin suna bin juna ba yankewa, Cuvier ya janye zarginsa. Goronyosaurus ma baƙon abu ne a cikin danginsa: bakinsa dogo, idanunsa ƙanana, haƙoransa suna shiga tsakanin juna irin na kada. Da a shagon tsaraba aka fara ganinsa, da an ce haɗi ne. Abin da ya tsayar da shi da ƙafafunsa shi ne an san inda aka tono shi da waɗanda suka tono. Ƙoƙon kan ya fito a murƙushe, Italiyawan kuma sun yi kuskure a wasu wurare wajen fassara shi, har Theagarten Soliar ya sake nazarinsa a 1988 ya gyara. Wannan gyaran ya yiwu ne saboda ƙashin yana nan yadda ƙasa ta ba da shi, kowa na iya komawa ya duba.

Kishiyar wannan ta faru kwanan nan. A 2021 wasu masana suka bayyana sabon mosaso daga ramukan fosfat na Maroko, Xenodens, bisa guntun muƙamuƙi mai haƙora huɗu gajeru da suka jeru suka yi bakin zarto. A ƙarshen 2024 wasu masu bincike daga Jami'ar Alberta ta Kanada suka ce suna da shakka: a ganinsu haƙora biyu suna zaune a kan gurbi guda, kuma akwai wani abu da ya lulluɓe gindinsu mai kama da abin liƙi. Suka nemi a saka ƙashin a na'urar sikanin da ke ganin cikin abu, irin ta asibiti. Masu binciken farko sun tsaya a kan bakansu cewa ƙashin sahihi ne. Ba nawa ba ne in raba wannan gardama. Abin da na ɗauka a ciki shi ne, da masana ne suka ciro ƙashin da hannunsu daga shimfiɗarsa suka rubuta, da zargin bai sami wurin zama ba tun farko. Idan ƙwararru masu na'urori za su yi sa-in-sa a kan abin da ya biyo ta hannun 'yan kasuwa, ina ga malamin makaranta da ya ga hoto a waya?

Adalci ne a faɗi abin da ke gefen muƙamuƙin kasuwa. Mutanen da ke haɗa shi yawancinsu talakawa ne masu neman abin sawa a baki, kuma mai saye ne ya koya musu cewa cikakke ake so, ba gutsure ba. Sannan gyara ba laifi ba ne. Kusan duk babban ƙashin da ka gani a gidan tarihi an liƙa shi, domin a farfashe yake fitowa. Mayar da guntu inda ya ɓalle, gyara ne. Cike gurbin da ya ɓace da filasta don abin ya tsaya, shi ma karɓaɓɓe ne muddin an faɗa, kuma gidajen tarihi na kirki sukan ba filastar launi dabam don mai kallo ya san inda ƙashi ya ƙare. An koyi wannan darasi da tsada. A 1834 gidan tarihin Birtaniya ya sayi tarin ƙasusuwan dabbobin teku daga wani mai suna Thomas Hawkins, daga baya mai kula da sashen, Charles König, ya gano cewa wani babban iktiyoso a ciki an cike sassansa da yawa da filasta an shafe da fenti, maganar har ta kai gaban kwamitin majalisa. Kwafi ma, wanda aka zuba gaba ɗaya daga jikin na ainihi aka rubuta a kansa cewa kwafi ne, abu ne mai albarka. Ya fi muƙamuƙin haɗi amfani nesa ba kusa ba, domin yana nuna wa ɗalibi ainihin tsarin bakin dabbar. Na haɗi kuwa yana koya masa bakin da Allah bai taɓa halitta ba, yaro ya zana shi a littafinsa ya tafi da shi a ka.

Akwai kuma abin da ke gefen na gaske da ke tayar mini da hankali fiye da duk jabun Maroko. Wanda ya sayi jabu, aljihunsa kaɗai ya yi kuka. Amma ranar da aka gane cewa ƙasusuwan Goronyo da Gilbadi suna da kasuwa, aka shiga kwazazzabai da diga da buhu, aka fasa ƙoƙon kai don a ciro haƙora a sayar ɗai-ɗai, ranar za mu yi asarar da ba ta da mayarwa. Ƙashin zai kasance na gaske, amma an tsinke masa isnadi, ya koma abin ado a kan teburin wani a wata ƙasa. Mun ga yadda aka yi da gumakan Nok, aka tone filaye aka kwashe, aka bar masana suna haɗa tarihi da ragowar ramuka. Maroko kanta ta fara farga: a 2017 an shirya gwanjon wani filesiyoso nata mai kusan mita 9 a Paris, 'yan ƙasar suka yi ca, aka janye shi daga gwanjon. Don haka idan na ce na fi son gaɓar Sakkwato, ba ina nufin a je a tono a kawo mini ba. Mai sha'awar tara irin waɗannan abubuwa ya sayi haƙori guda na Maroko daga wanda zai gaya masa gaskiyar inda ya fito da abin da aka gyara a jikinsa, ya rubuta wannan a takarda ya ajiye tare da shi. Ya ishe shi koyo, kuma bai cuci kowa ba.

Wanda kuma ya ci karo da ƙashi a jikin gangare, ko mai haƙar rijiya ne ko makiyayi ko ɗalibi, abu mafi amfani da zai yi ba ya cin ko kwabo. Kada ya ciro shi. Ya ɗauki hotonsa yadda yake kwance, da wani abu a gefe da zai nuna girmansa, ya ɗauki hoton gangaren gaba ɗaya, ya adana wurin a taswirar wayarsa, ya sanar da mai gari. Sannan a kai labari sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko, ga mu 'yan Neja, Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Minna da Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida a Lapai, ko hukumar binciken duwatsu ta ƙasa, wadda tushenta ya faro tun 1919. Ƙashin da ke cikin laka mai jifsam yana iya rugujewa a hannu in ba a ɗaure shi da filasta da tsumma ba kafin a ɗaga, kuma inda gaɓa ɗaya ta leƙo, sau da yawa 'yan uwanta suna nan a jere a cikin ƙasa.

Sauran aikin na jami'o'inmu ne da gwamnatocin jihohi. Ƙoƙon kan Goronyosaurus yana Florence. A Yamai, gidan tarihi na Boubou Hama yana da rumfar da yara ke shiga su tsaya a gaban ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a hamadar ƙasarsu. Neman kwafin ƙoƙon Goronyo daga Italiya ba abu ne mai wuya ba a wannan zamani da ake ɗaukar siffar ƙashi da na'ura a aiko ta intanet a zuba ta a nan gida. Ina so a yi guda a ajiye a Sakkwato, guda a Minna, guda a Kontagora inda ake horar da malaman da za su shiga azuzuwa, kowanne da takarda a gabansa da Hausa, mai faɗin cewa kwafi ne, da sunan wurin da aka tono na ainihin, da shekarun da aka tono shi, da sassan da aka cike.